Ƙwayoyin Inna a cikin gwangwani

Shekarar da aka yanke layin waya a yankinmu, da tsakar rana, wata a-kori-kura ta sauke mini mahaifiyata a ƙofar gida a Batsari. Daga ƙauyenmu na bayan Runka aka ɗauko ta. Gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, hannu na rawa, ta kalle ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa.

Inna tana da ciwon suga da hawan jini, ni nake aika mata magani cikin kwalinsa. Na laluba jikinta, sai ga gwangwanin man shafawa ƙulle a bakin zane. Na buɗe. Ƙwayoyi ne farare, manya da ƙanana, duk an ɓalle su daga katinsu an haɗe wuri guda, wasu ma sun gogu sun fara zama gari. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Tana cikin wannan hali nake mata faɗa, "Inna, wa ya aike ki? Gero ne da za ki sussuka?"

Maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa ya zama likita. Wannan ta ce ƙaramar ce ta suga, waccan ta lasa ta ce mai ɗacin ce ta jini. Na bar su da gardamarsu, muka yi asibiti.

Aka gwada jininta, suga ya faɗi ƙasa warwas. Aka sa mata ƙarin ruwa, ta ɗan dawo hayyacinta, ta ce biyu ta sha da safe, amma ba ta san waɗanne ba. Nas ta tura ni da gwangwanin wajen mai kula da magunguna.

Dattijo ne mai gilashi. Ya zazzage ƙwayoyin a kan farar takarda, ya jawo wani ƙaton littafi da bangonsa ya sha hannu. Na ji sanyi a raina, na ce to, an zo wurin. Ya juya ƙwaya ɗaya, ya ɗaga ta ga haske, ya ajiye.

"Hajiya, littafin nan da suna yake aiki. Ba ni sunan magani, in faɗa miki yawan da ake sha, da awannin da yake yi a jiki, da abin da ba a haɗa shi da shi. Farar ƙwaya kuwa, rabin shagon nan farar ƙwaya ce. Kin riƙe sunan?"

Ban riƙe ba. Tsohon kwali nake miƙa wa mai kemis ya ba ni irinsa. Kwalin yana ƙauye, hanya ba ta biyuwa da yamma saboda 'yan bindigar daji, waya kuma ta zama dutse.

"Malam, ko cinta ka yi mana, ka ƙiyasta kawai."

"Ba na cinta da ran mutum. Akwai na suga da ke fita daga jiki da wuri, akwai wanda zai sake kayar da ita. Sai dai mu tsare ta mu gani."

Da la'asar ya sake kayar da ita. Ina riƙe da ƙafarta, sanyi ƙalau, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don ban san da me muke faɗa ba, masu littafin ma ba su sani ba.

Allah Ya sa da sauran kwana. Ranar sallama dattijon ya kawo sabon magani da kansa, ya durƙusa gefen gado.

"Baba, don Allah kada ki ƙara ɓalle su. Sunan yana jikin katin, shi ne ke gaya mana abin da kika sha."

Na buɗe baki zan ɗora nawa faɗan, Inna ta riga ni.

"Na ji, ɗana. Amma in mun ji baburan mutanen daji, cikin dawa muke kwanciya, mu da jikoki. Ko tari ba a yi. Shi ko katin nan, ka motsa kaɗan sai ya yi ƙara. To, wanne zan ɗauka?"

Washegari ta matsa sai an mai da ita gida, wai wake ya isa roro.