Gaisuwar da ba mu taɓa yi ba

Ina cin tuwo a gidan Kawu a Gwarinpa oga ya kira. Wai an gano ɓaraka a wata manhajar kyauta da ke cikin sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayananmu, ɓarayin intanet na iya kwashe bayanan ma'aikata.

Na buɗe kwamfuta ina toshewa, Kawu ya leƙo.

"Wa ya ƙera abin?"

"Wani bawan Allah ne a ƙasar waje, Kawu. Shi kaɗai yake kula da ita, ba a biyansa."

"Kun taɓa gaishe shi?"

Sunansa ma sai ranar na duba. Da na gama na aika masa godiya. Ya amsa cewa tun safe zagi kawai yake sha saboda ɓarakar.

Abokan sana'a, kun san wa ya rubuta abin da kuke dogaro da shi?