Wasiƙar da Na Kwafe da Hannuna

Akwai wata Juma'a a Al Wukair, wata unguwa a gefen Doha, da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Lokacin ban daɗe da gama digiri ba, wani likita ɗan garinmu ya yi mini hanya na zo Doha. Shi ne kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, a gidansa nake zaune, ina yi wa ɗansa darasin Turanci.

Yaron shekararsa sha biyu, ga kai ga ƙiriniya. Ya taɓa juye gishiri a butar shayin baƙi, har uban ya rantse idan ya ƙara ko ɗaya, makarantar kwana zai mai da shi a Najeriya. Sai aka ba su wani tsohon littafin Amurka a makaranta, labarin wani fitinannen yaro da ya kamu da son 'yar ajinsu. Yaron da ba ya karanta shafi biyu bai yi hamma ba, ya cinye littafin a kwana uku. Na ɗauka koyarwata ce. Yanzu ina shakka.

Wata yamma ya miƙo mini takarda. "Malam, an ce mu rubuta wasiƙa kamar mu ne yaron littafin."

Na bi ta da jan biro har ba ta karantuwa. Ni kuwa ba na iya barin aiki da datti, sai na sake kwafe ta tsaf da hannuna don ya duba. Har na ƙara jimla ɗaya da na ga za ta ƙawata ta.

Ran Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, maƙwabcinmu, mutumin Zangon Kumasi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya yi sallama riƙe da takardar. A jakar 'yarsa aka tsince ta, babu suna. Likita ya duba sau ɗaya ya ɗago, don ya san rubutuna.

"Wannan hannunka ne?"

In na yi shiru, mutuncina da zamana a ƙasar sun tafi. In na faɗa, yaron ya tafi.

"Dakta, hannuna ne, amma ba za a ce ni na rubuta ba, ko da yake ta wani ɓangaren..."

Maƙwabcin ya katse ni. "Dakta, malaminka magana yake ko goro yake tauna?"

Sai muryar yaron daga bakin ƙofa. "Abba, ni ne. Ƙarya na yi wa Malam na ce aikin makaranta ne, ni na saka mata a jaka." Ya nuna ni. "Amma wurin da aka ce murmushinta ya fi sanyin asuba, wannan nasa ne. Ni ban iya ba."

Na so ƙasa ta tsage. Maƙwabcin ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

Ya ce, "Khalas, Dakta, magana ta ƙare. Yaron da ya fito ya tsaya haka ba a korarsa. Ba ni shi Asabar huɗu ya riƙe mini tsani."

Haka aka yi, yaron bai tafi makarantar kwana ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina tausayin yaron ne ya sa na yi ta kwana-kwana. Wataƙila da shi a ciki, amma ina jin tsoro ya fi yawa. A ranar na koyi cewa taka-tsantsan ba ya maye gurbin gaskiya. In ta zo faɗa, a faɗe ta a miƙe, sannan a roƙa wa mai laifi sassauci.