Tauraron Habu

Shekarar da baƙon dauro ya shigo Ngojin, ban wuce shekara tara ba. Mu bakwai ne jikokin Kaka Dije. Bayan sallar isha'i mukan zagaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Hausarta da gargadar Bolanci, in muka kwaikwaye ta sai ta ɗaga muciya ta ce, "Ja'irai, da bakin nan na raini iyayenku."

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta tsohuwar sama. Wai can bisa akwai wata tsohuwa mai hura wuta, tartsatsin da ke tashi shi ne taurari. Jaririn tauraro fari ne fat. In ya tsufa sai ya kumbura, ya yi ja kamar garwashi, daga nan ya zama toka. Tsohuwa ta share tokar ta mayar cikin murhu, a haifi wasu.

Ƙanena Habu ya ce, "Kaka, har taurari ma suna mutuwa?"

Ta ce, "Maigidana, wa ka ga ya zo ya dawwama?"

A daren ne ta raba mana 'ya'yan Kaza, taurarin nan da ke cunkushe wuri ɗaya, kowa da nasa. Na Habu shi ne ƙarami, sai an ƙanƙance ido ake ganinsa.

Da ciwon ya kwantar da Habu, aka hana ni shiga ɗakin. Sai na koma gadin tauraronsa. A tunanina, muddin yana ci, ƙanena yana nan. Ranar da ya rasu an aike ni gidan kawuna tun da safe, ba a gaya mini ba. Na dawo da magariba na tarar Inna tana hawaye. Na ɗaga kai na duba, na ruga wurinta.

"Inna, ki daina kuka! Ga tauraronsa can, bai mutu ba!"

Inna ta rufe fuska da zane. Kaka ta jawo ni jikinta. Ba ta ƙara yin wannan tatsuniyar ba.

Bara, a ajin yaƙi da jahilci, na yi ta haɗa baƙi har na karanta cewa tauraro yakan mutu, amma saboda nisa haskensa ya yi ta isowa shekara da shekaru. Na rufe littafin. Ashe mai gadin haske bai san halin da wutar ke ciki ba.

Mu bakwai muka zagaye murhun nan. Damina ta faɗi muna huɗu. Babu Habu, babu Ladi, babu Sale.