Karsanar da Takarda Ba Ta Sani Ba

Da ana mayar da magana ciki, da na haɗiye "a'a" ɗin da na faɗa wa makiyayin nan a ƙofar rumbu.

Lokacin ni ne shugaban bankin hatsi na ƙauyenmu, kusa da Geceme. An kafa shi don kada yunwa ta kori mutane daga gona da damina. Dokarsa ta zo a rubuce da Faransanci, ni kuwa aji uku na yi a lakkol, makarantar boko, sai malamin makaranta ke karanta mini. Layi ɗaya ya zauna mini a kai: ba a ba da rance sai ga mai gona a ƙasar gari.

Makiyayin maƙwabcina ne, shanunsa ke yi wa gonata taki kowane rani, amma shi ba shi da gona. Ya zo neman buhu ɗaya kafin kaka, yana janye da karsana, ya ce a riƙe ta jingina, ardonsu shaida.

Na ce, "Takarda ba ta san saniya ba."

Ya yi dariya. "Baba, gonarka dai ta san ta."

Liman yana zaune a inuwa, ya ce, "Shugaba, a shari'a jingina jingina ce, in akwai shaida. Don mi aka gina rumbun nan?"

Malamin makaranta ya ce masu binciken banki in sun zo, layi suke dubawa, ba niyya ba. Na ji tsoron a kira ni ofis. Na kulle ƙofa.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, a makon nan wani ɗan kasuwa ya turo ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, kowa da gonarsa, kowa da katin shaidarsa. Na san ƙetaren iyaka hatsin zai tafi, amma ba layin da suka taka, na auna musu da hannuna.

Makiyayin ya kai karsanar kasuwa, inda dillalai suka ga yunwa a idonsa suka saya yadda suka ga dama. Ita kaɗai ce macen da ta rage masa a garke. Bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, bai yi mini sallama ba.

Ku da aka danƙa wa makullin amanar jama'a, ina roƙonku, kada ku yi irin nawa. Kafin ku hana mutum, ku tara komite, ku tambayi dalilin da ya sa aka rubuta dokar.