Yatsan Iya Mai Guga

An sa tsohuwa 'yar shekara saba'in da huɗu ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba, an soka mata allura, an ɗaura mata robar lamba a hannu, an tafi. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan rabonta da maganin hawan jini.

Iya Mai Guga ake ce mata. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin wankin asibiti, can ƙasa, inda tururi ke ɗiga daga silin kuma taga ɗaya ce tak. Tun kafin ta kwance ƙullin zannuwan gado take sanin na wanda ya tashi da na wanda bai tashi ba. Fararen rigunan likitoci kuwa ita kaɗai ake ba, don ba ta taɓa ƙona kwala ba. A can ta ɗauko ɗabi'ar da ta ja mata wannan masifa: in mai farar riga ya yi magana, sai ta gyaɗa kai, ta gane ko ba ta gane ba. Da haka ta riƙe aikinta, da haka ta ciyar da 'ya'ya biyar.

Ranar da ta je karɓar magani, ta tarar wasu masu bincike sun kafa tebur a baranda, wai suna nazarin tsofaffi. Wata budurwa mai farar riga ta zaunar da ita, ta jero tambayoyi kan barci da ciwon gwiwa da mantuwa. Iya na ta gyaɗa kai, hankalinta na kan kwalar yarinyar da ba ta gogu ba. Tambayar ƙarshe ita ce, in masana sun samo hanyar da mutum zai rayu har abada, za ta so? Ta gyaɗa kai. Yarinyar ta yi dariya, ta ce yau ba wanda ya amsa da sauri kamar Mama, ta rubuta. Daga nan sai yatsa, sai allura. Iya ba ta iya kallon allura, ta kawar da kai, don haka ba ta ga ko cirewa aka yi ko zubawa ba.

Sai a mota maganar ta faɗo mata a ƙirji: kar dai allurar hana mutuwa aka yi mata? Ta sauka tun kafin a kai tasharsu, ta ƙarasa gida da ƙafa.

Matar nan ta binne miji, ta binne 'ya'ya uku. Abokan ɗakin wanki duk sun tafi. Tana da farin yadinta na tafiya a ƙasan akwati, duk shekara takan fito da shi ta goge ta mayar. Irin wannan ce za a ce wa ba tafiya?

Autarta, wadda take zaune da ita, ta yi bayani har bakinta ya bushe: jini kawai aka ɗiba, tambayar kuma ta jin ra'ayi ce, ba wani magani irin wannan a duniya.

"Kina wurin?" in ji Iya.

"Ba na wurin, Iya."

"To ki yi mini shiru. Na ga abin da likitoci ke iyawa tun ba a haife ki ba."

Aka kira malamin unguwa. Ya ce ba ran da zai tsere wa ajalinsa. Iya ta ce ta sani, amma in haka ne, me za ta ce ranar da aka tambaye ta yatsan wa ke kan takardar ƙin mutuwa? Ta ko'ina tsoro ne. In abin gaskiya ne, za ta zauna ta binne Auta, ta binne jikoki, ta rage ita kaɗai a ɗakin da ba mai sanin sunanta. In ƙarya ne, ta roƙi abin da bai kamata ba, har da shaida.

Tsohon kukun asibitin ya zo gaishe ta, shi a ganinsa raha zai yi. Ya ce tunda ita an ba ta zama, ya bar mata wasiyyar rediyonsa da tabaransa. Iya ta juya masa baya. Ya ɗauki sandarsa ya fita ba sallama.

Washegari ta ture maganin. Ta ce ta haka za ta gane: in ta mutu, to ƙarya ne. Auta ta daka ƙwayar ta zuba mata a shayi, Iya ta ɗanɗano ɗacin, yanzu ko ruwa sai wanda ta tara da hannunta a famfo. Robar lambar ma ta hana a yanke, wai kayan asibiti ne, ita ba ta taɓa ɓata kayan asibiti ba. Ƙafafunta sun kumbura. Tana kwance tana riƙe da ƙeya, in Auta ta fita tsakar gida sai ta ƙwala mata kira, don kawai ta ji tana nan. Jiya idonta na hagu ya fara ganin hazo.

Auta ta koma barandar, ba tebur ba mutane. Asibiti sun ce su wuri kawai suka ba da aro. Lambar wayar da ke jikin robar kuwa na'ura ce ke ɗauka, tana godiya da kira.

Abu ɗaya Iya ta yarda da shi: wadda ta rubuta ita ce za ta soke, a gabanta, sannan ta sha magani.

Ku masu binciken nan, duk inda kuka kai teburinku, ku turo yarinyar da takardar cikin makon nan. Ta zauna a bakin gadon, ta faɗa mata abin da aka yi mata da allurar, da harshen da take ji, ta soke amsar tana gani. Ku kuma hukumar asibiti, kun san wanda kuka ba barandarku. Ku ɗaga waya ku nemo su yau.