Duwatsun Baba Iro

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina tsugune ina alwala wani falke ya tsai da jakunansa a kaina, ya ce Baba Iro ya rasu. Can ƙetare, a hannun masu tsaron iyaka. Har an rufe shi. Falken ma bai san wanda ya sallace shi ba.

Baba Iro dai, ladanin unguwarmu a nan Jibiya. Wanda kuka ce ya zautu.

E, da ku nake.

Ni ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini karatu, tsintar baƙaƙe na yi a allunan mutane har na iya. Amma karatun rana, a wurinsa na ɗauka.

Akwai wata sanda da ya kafa a ƙofar masallaci, da inuwarta yake gane azahar. Wata rana da sanyi ya kira ni. "Lawal, ina inuwar ga ta nufa?" Na ce arewa. Ya ce, "To bi ta da ido. Raguwa za ta yi ta yi. Ran da ta shige ƙarƙashin sandar ta ɓace, ta koma hitowa ta kudu, ce ma uwarka ta hiddo iri, ruwa ya kusa."

Dariya na yi masa. Sai ga ranar ta zo cikin bazara, tsakar rana, na yi ta zagaya sanda kamar akuya a turke, inuwa ko ɗis. Ya ɓare ƙuli-ƙulinsa ya ba ni rabi, ya ce ladan rufe bakina ne.

A tudun arewa da gari kuma yana da wani falalen dutse. Bayan asuba ya hau ya tsaya, daidai inda rana ta ɓullo ya aje ɗan dutse. Haka har suka yi layi. A nan na gani da idona cewa rana ba wuri guda take fitowa ba: tana matsawa arewa har cikin damina, ta tsaya, ta juyo kudu har sanyi ya kama.

Na ce, Baba, me ke kai ta, me ke dawo da ita? Ya ce, "Wallahi ban sani ba, ɗana. Na san tahiyarta, ban san dalilinta ba."

Da Nasara suka zo da madubinsu mai ƙafa uku suna leƙen rana da taurari, murna ya yi kamar yaro. Ya ce ga 'yan'uwansa sun zo. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya cika ƙwarya da ƙwan zabi, ya tafi tambayar dalili. Tafinta ya karɓe ƙwan, ya kore shi.

Ashe su ƙasa suke yankawa da ranar. Da suka tashi, tudun Baba ya faɗa wajen Faransi.

Bai fasa zuwa ba. Masu tsaro suka ga tsoho yana matsar da duwatsu da sassafe kusa da alamar iyaka, suka ce iyakar yake turawa.

Iyaka! Me Baba zai yi da iyakarku?

Ganina da shi na ƙarshe, ranar kasuwa ce suka biyo da shi da igiya a ƙugu. Kuna nan. Mutanen Riko na nan, na Bugaje na nan. Kowannenku ya san aikin duwatsun. Ku ne duk shekara kuke raɓowa bayan magariba, "Baba, mu yi shuka ko mu dakata?" In gari ya waye ku ce mahaukaci ne mai hira da sanda. Ran nan ko mutum ɗaya bai ce uffan ba. Na buɗe baki, na sha bulala a fuska.

Ya waiwayo ya ce, "Lawal, rage baki. Tahi ka duba sanda, ta kusa."

Ɗazu da azahar na je wurin sandar. Wani ne ya kira salla, a makare. Inuwar ta shige, Baba. Babu ita. Ni kaɗai na gani, na tsaya ba wanda zan faɗa wa.

Don haka ku fitar da irinku. Kyauta na faɗa muku, kamar yadda yake yi.

Gobe zan hau tudun in aje dutsensa a inda ya tsaya. Mai son kai ƙarata kada ya wahalar da kansa, bayan asuba nake tafiya.

Allah Ya jiƙan Baba Iro, Ya haskaka kabarinsa duk inda suka haƙa shi, Ya sanar da shi dalilin da ya rasa mai faɗa masa a duniya. Wanda duk ya karanta wannan ya yi masa Ƙulhuwallahu. Wannan dai ba a bulala a kanta.