Mai Danne Katako

A Saulawa, in sanyi ya shigo, Iya takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida da zarar an sauke tuwo. Ita ce mahaifiyar babanmu, ita ta riƙe mu bayan ya tafi birni aiki. Ba ta zama a tabarma. Kan wasu katakai masu kauri da ke jibge gefen rumbu take zama, mu kuma mu kewaye ta muna ture juna saboda ɗumi.

Tatsuniya ɗaya ce ba ma so, ita kuwa ba ta gajiya da ita. "Ku matso, ga wata ta iso, ba ta da daɗi amma ku sha," in ji ta.

Wai wani kafinta ne ya gaji da aiki a durƙushe, ya ƙudura zai haɗa teburin aiki da zai bar wa ɗansa. Ya sare itacen maɗaci, ya tsaga shi katakai, ya shanya a inuwa har suka bushe, ya wasa zarto da gizago. To, wanda bai da tebur a ƙasa yake yanka, kuma sai wani ya zauna ya danne ɗaya gefen katakon, in ba haka ba zarto ya karkace. Da can ɗansa ke zama. Ranar da za a fara yankan, aka wayi gari ɗan ya bi mota zuwa birni.

Ya roƙi kaza, ba ta da nauyi. Ya roƙi akuya, ta zauna kaɗan, ta hango dusa ta tashi. Jaki ya hau, katako ya tsage.

"Sai me, Iya?"

"Sai ya tsufa mana."

"Ɗan bai dawo ba?"

"Kai dai da tambaya kamar alƙali. Ku tashi, wuta ta mutu."

Haushi muke ji. Ina aka taɓa tatsuniyar da ba a ci kowa ba, ba a kuma ceci kowa ba?

Sai da na girma, na gaji zarton kakanmu, na gane katakan da take zama a kai su ne na cikin tatsuniyar. Babanmu bai dawo ba sai a makara. Na ce ni zan ƙarasa teburin, ko don Sani, ɗana, ya samu sana'ar da zai tsaya a kai. Bara na fito da katakan, gara ta ci biyu, sauran suna nan garau. Na auna, na ja layi. Kafin in sa zarto, Sani ya sayi babur ya tafi acaɓa Kaduna. In na kira shi sai ya ce, "Baba, ina kan hanya, zan kira ka." Na daina sa rai, kuma abin yana ci mini zuciya.

Jiya na ɗora buhun masara a gefen katakon na yanka. Ya danne sosai, ya fi akuyar Iya haƙuri. Na gama, na ɗago kai zan ce "tashi haka nan", sai na tuna da wa nake magana.